Tsofaffin motocin Turai a Magarya da Dungas: tarihin gyara a bakin iyaka

1. Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa tsayawa a tashar motar Magarya ko ta Dungas ranar kasuwa, a shekarun 1980 da 1990, ya san motar da jama'a ke kira Fijo. Peugeot 404 ce ko 504, fentinta ya koɗe, an ɗaure ƙofar baya da igiya, buhuna sun danne ta har tana neman taɓa ƙasa, amma da an tura ta sai ta tashi, kuma ta kai inda za ta. Yau an fi ganin irinta a bayan gareji, taya ta sace, awaki na kwana a inuwarta.

A Faransa, inda aka ƙera su, waɗannan motoci sun zama kayan tarihi. Motar da ta shekara 30 tana iya samun takarda ta musamman a matsayin motar ajiya, kuma kamfanin Peugeot ya buɗe gidan tarihinsa a garin Sochaux tun 1988. Akwai ƙungiyoyin masu sha'awa da ke kashe dukiya da lokaci don su mai da tsohuwar mota yadda ta fito daga masana'anta. Tambayar da muka aza wa kanmu ita ce: akwai irin wannan ƙauna a kudancin jahar Damagaram? Amsarmu ita ce akwai, sai dai kamanninta dabam ne, kuma iyakar Nijar da Najeriya ce ta ba ta waɗannan kamanni.

Tun 1986 masanin halayyar al'umma Igor Kopytoff ya ja hankalin masu bincike cewa idan aka bi tarihin rayuwar mota guda a Afirka, daga sayenta har ranar da aka yasar da ita, za a gano abubuwa masu yawa game da mutanen da suka riƙe ta. Jojada Verrips da Birgit Meyer sun gwada haka a 2001 kan wata Peugeot 504 ta haya a ƙasar Gana. A cikin wannan ɗan rubutu za mu bi wannan hanya, mu duba gundumomin Magarya da Dungas, waɗanda gunduma ɗaya ce kafin a raba su a 2011. Za mu fara da yadda mota ta shigo, mu dubi zamanin Peugeot, mu shiga gareji, sannan mu faɗi abin da ke shirin ɓacewa.

2. Iyaka, gyaɗa da shigowar mota

Kafin zuwan Turawa, Dungas da Waca na cikin ƙasashen Sosebaki, su kuwa garuruwan yankin Magarya dangantakarsu da Daura tsohuwa ce. Yarjejeniyoyin Faransa da Ingila na 1898, 1904 da 1906 suka yanka wannan ƙasa biyu, kuma tsakanin 1906 da 1908 ayarin Tilho da O'Shee ya bi layin yana kafa alamomi. Littafin William Miles na 1994 ya nuna yadda ƙauyuka biyu maƙwabta, Yekuwa a ƙasar Magarya da Ƴardaji a ƙasar Daura, suka wayi gari ƙarƙashin gwamnatoci biyu. Amma layin bai ɗauke Kano daga inda take ba. Daga Magarya zuwa Kano ba a kai kilomita 200 ba, zuwa Damagaram kimanin 90 ne, zuwa Yamai kuwa an haura 900. Duk tarihin mota a wannan yanki yana cikin waɗannan alƙaluma uku.

Motocin farko da suka yi suna a ƙasar Damagaram na ayarin Citroën ne, wanda Haardt da Audouin-Dubreuil suka jagoranta. Motoci 8 ne masu sarƙa a ƙafafun baya. Sun tashi daga Colomb-Béchar ta Aljeriya a watan Oktoba na 1924, suka sauka birnin Damagaram, wanda shi ne babban birnin Nijar har 1926, daga nan suka nufi tafkin Cadi. Tafiyar ta tallar kamfani ce da nuna ƙarfin mulkin mallaka. Ga talaka, abin da mota ta fara kawowa shi ne aikin tilas: share hanya, cike ramuka bayan damina, da tura motar kwamanda idan rairayi ya riƙe ta. Sai a watan Afrilu na 1946 doka ta soke aikin tilas a ƙasashen da Faransa ke mulka.

Gyaɗa ce ta mai da mota abin amfanin yau da kullum. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ya kai Nguru a 1930, sai kasuwar gyaɗa ta buɗe wa manoman kudancin Damagaram, inda ruwan sama ya fi wadata. Magarya ta zama ɗaya daga cikin manyan wuraren sayen gyaɗa na Nijar. Kamfanonin Turawa irin su CFAO, SCOA da CNF suna kafa sikeli bayan kaka, lokacin da Faransawa ke kira « la traite ». Da fari raƙuma da jakuna ke kai buhunan bakin dogo. Bayan yaƙin duniya na biyu manyan motoci suka riƙa karɓe wannan aiki, Berliet da Citroën daga ɓangaren Faransa, Bedford da Austin daga ɓangaren Ingila. A 1953 Faransawa sun ƙirƙiro shirin da suka kira « Opération Hirondelle » don karkatar da kayan Nijar zuwa Paraku da Kwatano, amma ga gyaɗar gabas hanyar Kano ce mafi kusa kuma mafi arha. John Collins, wanda ya yi nazarin cinikin gyaɗa a Magarya daga shekarun 1930 zuwa na 1970, ya nuna cewa gyaɗa kan tsallaka iyaka a ɓoye, wani lokaci kudu wani lokaci arewa, gwargwadon inda farashi da darajar kuɗi suka fi kyau.

Wannan zirga-zirga ta haifar da sababbin mutane: direba, yaron mota, makaniki, ɗan kamasho. Su ne suka san hanya, suka san bariki, suka ji Faransanci da Ingilishi na tasha. Klaas van Walraven ya nuna rawar da ma'aikatan sufuri suka taka a jam'iyyar Sawaba ta Jibo Bakari, kafin a haramta ta a 1959 da kuma bayan haka, wajen kai saƙo da mutane tsakanin garuruwan Nijar da Kano. Ke nan tun kafin ƴancin kai direba ya riga ya zama mutumin da hukuma ke buƙata kuma take zargi.

3. Zamanin Peugeot

Shekarar da Nijar da Najeriya suka sami ƴancin kai, wato 1960, ita ce shekarar da Peugeot 404 ta fito. Injinta na fetur mai silinda 4 ne, girmansa 1618 cc, ƙafafun baya ke ja, kuma cikinta ya ɗaga daga ƙasa yadda za ta iya bin hanyar burji. Ta ci tseren Safari na gabashin Afirka a 1963, 1966, 1967 da 1968, abin da ya ƙara mata suna a nahiyar. An yi ta iri uku da suka shafe mu: ƙaramar mota ta ma'aikata, doguwa mai layin kujeru 3 da ake kira « familiale », da a-kori-kura mai rufin tamfol wadda a Nijar ake kira « bâchée ». Ta farko ta shiga bariki, sauran biyun suka shiga tasha da kasuwannin ƙauye. A 1968 ƙanwarta 504 ta fito, aka zaɓe ta motar shekara ta Turai a 1969.

A waɗannan shekaru gyaɗa na kan ganiyarta. Gwamnatin Diori Hamani ta kafa SONARA a 1962 don ta riƙe cinikin gyaɗa, ta kafa UNCC don ƙungiyoyin manoma, daga baya aka gina matatsar mai ta SEPANI a Magarya. Kuɗin gyaɗa da na fataucin dabbobi ne suka sa alhazan yankin suka fara sayen mota su ba direba. Fari na 1968 zuwa 1974 da cutar da ta lalata gyaɗa a 1975 sun karya wannan ciniki. Amma mota ba ta tafi da gyaɗa ba. Wake da dabbobi suka maye gurbi, kuma duka biyun kasuwarsu kudu take, a Kano da Maigatari, wadda ke ci ranar Alhamis daf da iyakar ƙasar Dungas.

Abubuwa uku da suka faru a Najeriya suka tabbatar wa Peugeot sarauta a wannan yanki. Na farko, ran 2 ga Afrilu 1972 Najeriya ta bar tuƙin hannun hagu irin na Ingila ta koma hannun dama. Kafin nan motar Kano sitiyarinta na dama, ta Damagaram na hagu, kuma direba na sauya hannu a bakin iyaka. Daga wannan rana mota iri ɗaya ta dace da ƙasashen biyu. Na biyu, a 1975 masana'antar Peugeot ta Kaduna, wato PAN, ta fara harhaɗa motoci, kuma gwamnatin soja ta Janar Obasanjo ta mai da 504 motar manyan ma'aikatanta. Motar Faransa ta zama ƴar gida a arewacin Najeriya, kayan gyaranta suka cika kasuwannin Kano. Na uku, arzikin man fetur ya sa gwamnatin Najeriya ta riƙe farashin mai ƙasa ƙwarai da na Nijar. Daga nan sana'ar ƴan ruwa-ruwa ta samo asali, masu jera kwalabe da jarkoki a bakin hanya.

Akwai kuma hanya ta huɗu, daga arewa. A shekarun 1970 da 1980 samarin Turai kan sayi tsohuwar 404 ko 504 da arha a Faransa, Jamus ko Beljiyam, su ratso Sahara ta Tamanrasat, Asamaka, Arlit da Agadas, su sayar da ita a Nijar, su koma gida a jirgin sama da ribar. Yaƙin basasar Aljeriya da tawayen arewacin Nijar ne suka toshe wannan hanya a farkon shekarun 1990. Motar da ta shigo ta nan ta riga ta ci rabin rayuwarta a Turai kafin ta fara sabuwa a tashar Damagaram, daga can kuma, idan ta ƙara tsufa, ta gangaro layukan ƙauye.

Idan muka haɗa waɗannan duka, ga siffar motar haya ta Magarya a wajen 1980: an zana ta a Turai, an harhaɗa ta a Sochaux ko a Kaduna, takardunta na Nijar ne, man da take sha na Najeriya ne, kayan gyaranta daga Kano, kuɗin da take samu kuwa rabi sefa rabi naira. Rufe iyaka da gwamnatin Janar Buhari ta yi a Afrilu 1984, ba a buɗe ba sai Maris 1986, wanda ya zo daidai da yunwar 1984, ya nuna yadda rayuwar motar ta rataya ga wannan layi: mai ya yi tsada, kayan gyara suka yi wuya, direbobi suka koma bin hanyoyin daji, waɗanda ke cin taya da sifirin.

4. Gareji: yadda mota ke daɗewa

An saba cewa Peugeot ta daɗe a Afirka don ƙwarinta. Gaskiya ne, amma rabin magana ce. Ƙarfe komai ƙwarinsa yana gajiya. Abin da ya raba 404 da 504 da motocin yau shi ne an yi su yadda mutum mai sifana da guduma zai iya kwance su ya mayar. Ba su da kwamfuta. Kafireto ke haɗa mai da iska, kuma ana iya wanke shi a cikin kwano. Wutar fulogi na bi ta na'urar da ake gyarawa da hannu. Injin a tsaye yake daga gaba zuwa baya, da fili a kowane gefe inda hannu zai shiga. Mafi muhimmanci, silindar injin tana da riga mai cirewa, wadda Faransawa ke kira « chemise ». Idan inji ya fara hayaƙi yana shan baƙin mai, sai a zare rigunan a sa sababbi tare da fistin da ringi, ba sai an kai shi wurin injin gurza ƙarfe ba. Ta haka inji guda kan sake haihuwa sau da dama a ƙarƙashin bishiya.

Sai kuma abin da masu gyara suka ƙara da kansu. Motar da aka yi wa mutum 7 ko 8 ana sa mata 10 ko fiye, ban da kaya a sama, don haka ana ƙarfafa sifirin na baya, a-kori-kura kuwa a ƙara mata ganyen ƙarfe. Ana walda ƙarfe a inda jikin motar ya saba tsagewa. Saboda zafin bazara, da yawa kan cire abin da ke tsare ruwan lagireto har inji ya yi ɗumi, tun da a nan ba a fama da sanyi. Ana yanka tsohuwar taya a yi robar da ke tsakanin ƙarfe da ƙarfe. Ana ɗauke injin wata mota a dasa a wata, a mai da mai shan gas mai shan fetur idan fetur ya fi arha. Mota biyu da suka mutu kan tashi ɗaya mai rai. Shi ya sa makaniki ba ya zubar da komai: gawar motar da ke bayan garejinsa ita ce rumbunsa.

Kayan gyara ma suna da darajoji, kuma sanin su ilimi ne. Akwai na asali daga kamfani, akwai na hannu da aka ciro daga motocin da aka farfasa a Turai, akwai kwaikwayo daga Asiya ko daga Nnewi ta kudancin Najeriya, inda aka fara ƙera kayan mota a shekarun 1980. Kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano da shagunan Sabon Gari su ne babbar mahada, ƴan kasuwar Ibo da suka zauna a garuruwan Nijar kuma suna kawo kayan kusa. Sau da yawa gogaggen makaniki ya fi yarda da tsohon ƙarfe na asali a kan sabon kwaikwayo.

Wannan ilimi ba a lakwal ake samunsa ba. Uba ke kai yaro wurin maigidan gareji, kamar yadda ake kai shi wurin maƙeri ko wurin malam. Yaro ya fara da wanke sassa da miƙa sifana, ya yi shekaru yana kallo kafin a bar shi ya taɓa inji. Yana koyon gane ciwon mota da kunne, da warin hayaƙi, da launin fulogi. Da yawa kan tafi ci-rani garejojin Kano ko Damagaram su dawo da sabuwar dabara.

Ga masu nazarin harshe, garejin bakin iyaka wuri ne mai albarka, domin kalmomin aro na Faransanci da na Ingilishi suna zaune tare. Ana jin fulogi ana jin buji, ana jin fetur ana jin isansi, ana cewa lasin ana cewa parmi, kwastan da duwan, karen mota da aparanti. Mutum guda kan yi amfani da duka biyun, gwargwadon wanda yake magana da shi da kuma inda zai sayo kayan. Kalmar da makaniki ya fi sabawa da ita kan tona inda ya yi koyo.

5. Ƙauna iri biyu

Yanzu za mu koma ga tambayarmu ta farko. A Turai, masu sha'awar tsofaffin motoci suna da ƙa'ida rubutacciya, wadda ƙungiyarsu ta duniya FIVA ta fitar da sunan birnin Turin, ta fara aiki a 2013. Darajar mota a wurinsu tana cikin kusancinta da asali: lambar inji ta dace da ta jiki, fenti irin na kamfani, kujeru na shekarar da aka ƙera ta. Ana fito da ita ranar hutu, a goge, a mayar. Idan aka auna Fijon Dungas da wannan ma'auni, ba ta da wata daraja, domin da wuya a sami sashe a jikinta da ba a taɓa ba.

A tashar Magarya ma'aunin wani ne. Motar kirki ita ce wadda ba ta kwana a daji da fasinja. Ana yabon direban da ya riƙe mota shekara da shekaru ba ta lalace a hannunsa ba, ana kiransa mai amana, domin sau da yawa motar ta wani alhaji ce, kuma abincin gidaje da dama na rataye da ita: na mai ita, na direba, na yaron mota, na makaniki, na mai faci. Direba na duba ruwa da baƙin mai tun da asuba, yana wanke ta, yana yi mata ado da labule da rubutun addu'a ko karin magana a bayanta, yana raɗa mata suna, kuma jama'a kan san shi da sunan motarsa fiye da nasa. Idan aka sayar da ita yana bin labarinta kamar ɗiyar da aka aurar wani gari. Wanda ya san yadda Bahaushe ke riƙe doki ba zai yi mamakin wannan ba.

Mun ga bai dace a kira ɗaya ƙauna a kira ɗayar talauci ba. Talauci na ciki, babu shakka: da direba na da halin sabuwa da ya saya. Haka kuma bai kamata mu manta da hatsarin da lodi fiye da ƙima da birki marar kyau suka jawo a waɗannan hanyoyi ba. Amma talauci kaɗai ba ya bayyana alfaharin makanikin da ya tashi injin da kowa ya fid da rai da shi, ko na dattijon da ya ƙi sayar da 504 ɗinsa ga masu awon ƙarfe ko da ta daina fita. Bature na tsare motar kamar yadda aka haife ta. Mutumin Magarya na tsare ta da alamun duk abin da ta yi a duniya. Ga mai nazarin tarihi, ta biyun ta fi magana.

6. Ja da baya

Faɗuwar Peugeot ta bi ta hanyar da tashinta ya bi, wato kuɗi da iyaka. Daga Satumba 1986 gwamnatin Janar Babangida ta saki darajar naira, sai sabuwar motar Kaduna ta fi ƙarfin ma'aikaci da ɗan kasuwa matsakaici. A watan Janairu na 1994 aka karya darajar sefa da rabi, kayan gyara na Faransa suka ninka kuɗi. A daidai wannan lokaci tashar jiragen ruwa ta Kwatano ta cika da motocin hannu daga Turai, yawancinsu ƙirar Japan da Jamus, waɗanda ake bi da su ta Nijar a shigar Najeriya. Toyota Hiace ta karɓe manyan layuka domin ta fi ɗaukar mutane. Daga shekarun 2000 baburan Sin masu arha suka karɓe hanyoyin ƙauye, kabu-kabu ya shiga inda a-kori-kura kaɗai ke shiga a dā. Masana'antar Kaduna, wadda ita ce ta ƙarshe a wannan yanki da ke fitar da 504, ta daina a tsakiyar shekarun 2000, aka sayar da hannun jarin gwamnati a 2006.

Abubuwan da suka biyo baya sun ƙara matsa wa tsohuwar mota. Najeriya ta rufe iyaka daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, ta sake rufewa daga Agusta 2023 zuwa Maris 2024 bayan juyin mulkin Yamai. A watan Mayu na 2023 ta janye tallafin fetur. Motar kafireto mai yawan shan mai ta rayu ne a kan mai mai arha. Da arhar ta kau, lissafinta ya daina fita. Matatar SORAZ, wadda aka buɗe a arewacin Damagaram a 2011, ta kawo man gida, amma ba ta mai da farashin dā ba.

A ƙarshe ga masu sayen tsohon ƙarfe, waɗanda ke auna gawar mota da kilo su loda zuwa masana'antun narka ƙarfe. Rumbun makaniki ya zama kuɗi a hannu, kuma mai iyali ba ya ƙin kuɗi a shekarar tsada. Yaran gareji na yau kuwa babur suke koyo, ko motar da sai an jona mata kwamfuta kafin a san ciwonta.

7. Kammalawa

Mun yi ƙoƙarin nuna cewa tsohuwar motar Turai a Magarya da Dungas ba baƙuwa ba ce da ta zo ta mutu. Gyaɗa ta kira ta, iyaka ta ciyar da ita, masu gyara suka tsawaita ranta har ta wuce shekarun da maƙeranta suka yi mata zato. Takardun mulkin mallaka da na gwamnati suna ba mu nauyin gyaɗa da kuɗin fito, amma ba su ɗauki muryar direba da makaniki ba, domin rabin aikinsu hukuma ba ta so ta gani.

Saboda haka muna ba ɗalibanmu masu neman batun bincike shawara uku. Ta farko, a ɗauki hira da tsofaffin direbobi, makanikai da ƴan kamasho na Magarya, Bande, Waca, Dungas, Malawa da Dogo-Dogo. Wanda ya fara yaron mota a 1975 yana da shekara 15, a 2025 ya cika 65. Lokaci ba ya jira. Ta biyu, a bi tarihin motoci ɗaya bayan ɗaya, daga takardar mota da lambar jiki zuwa jerin waɗanda suka mallake ta da gyare-gyaren da aka yi mata, tare da hotuna. Ta uku, a tattara kalmomin gareji na ɓangarorin iyaka biyu, aikin da ya dace malaman tarihi da na harshe su yi tare, kuma da abokan aikinmu na jami'o'in Kano.

Muna kuma ganin ya kamata hukumomin al'adu na jahar Damagaram su sayi ko da 404 a-kori-kura ɗaya da 504 doguwa ɗaya su ajiye. Idan aka yi haka, roƙonmu shi ne kada a sake musu fenti, kada a cire waldar, kada a goge rubutun da ke bayansu. A bar su yadda direba na ƙarshe ya kashe inji ya fita.